'Yan Wuta da 'Yan Lallaɓa

Koci ya busa usur, samarin suka fizga a guje daga wannan bakin fili zuwa wancan, wuƙaƙen takalmansu suna kankare ƙanƙara. Dikko yana tsaye a bayan katanga da agogon awo a hannu, ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, alhali a waje zafin watan Yuni ya riga ya fara gasa Dubai. Filin ƙanƙarar a cikin wani katafaren kanti yake, kuma 'yan hokin jami'a ba sa samunsa sai da sassafe, kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu. Yau ce ranar gwaji. Wanda ya yi sauri zai shiga motar da za ta tafi gasar jami'o'i a Al Ain, wanda ya yi nawa kuwa ya zauna gida ya kalli hotuna a waya.

Ya kamata idon Dikko ya kasance a kan kowa, don shi ne mai horar da jikin 'yan ƙungiyar, kuma da wannan gwajin zai rufe binciken digirinsa na biyu. Amma tun da aka fara, mutum ɗaya yake kallo. Elkana ne, baƙar fata ɗaya tilo a cikin Larabawa da Rashawa da Indiyawa, dogo siriri, yana sanye da hular kwano da ta ɗan yi masa yawa.

Binciken ba shi da wuyar fahimta. Hoki wasa ne na fizga da tsayawa, mutum ya shiga ya ƙona kansa na ɗan lokaci, ya fito ya sha iska, ya koma. Sai Dikko ya raba 'yan wasan gida biyu a ɗakin motsa jiki. Kashi ɗaya su hau keke su taka iya ƙarfinsu na rabin minti har ido ya raina fata, su huta, su sake, su huta, su sake. Akwai bokiti a gefe saboda masu amai, kuma bai taɓa kwana a bushe ba. Ɗaya kashin kuwa su yi ta takawa a hankali na dogon lokaci, kamar mai zuwa cefane. Elkana ne ya raɗa wa gidajen biyu suna, 'yan wuta da 'yan lallaɓa, har Rashawan ma suka iya cewa "lallaba" suna dariya. Shi kansa a gidan lallaɓa ya faɗo, kuma kowa ya san ƙuri'a ce ta kai shi can.

Dikko kaɗai ya san ba haka ba ne. Ranar da za a raba su, an manna wa rabin baƙaƙen faifan robar da ake bugawa jan tef, alamar gidan wuta, an zuba duka a jaka, kowa ya zura hannu ya ɗauko nasa. Dikko ya aiki Elkana mota ya kwaso robobin ruwa. Kafin ya dawo kowa ya ɗauka, saura faifai ɗaya, wanda tun farko yake cikin aljihun Dikko sai yanzu ya jefa shi a jakar, ba tef a jikinsa. Elkana ya zaro shi, ya juya gaba da baya, ya ce, "Kai, Yaya Dikko, ni dai ba ni da sa'a ko a rabon naman Sallah." Dikko ya taya shi dariya.

Ba ƙiyayya ce ta sa ba, wannan kam ko a gaban alƙali zai rantse. Mahaifiyarsa da tasu Elkana a firamare ɗaya suka koyar a Zariya. Ya ci shinkafar Kirsimeti a gidansu na Wusasa, sun ci naman layya a nasu. Yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin coci ranar da aka fito da gawar Sharon, autar su Elkana, wadda sikila ta ɗauke. Bara kuma, a cikin jirgin ƙasa nan Dubai, tsakanin tashar Al Rigga da ta Union, Dinatu yayar Elkana ta gaya masa dalilin fasa aurenta, tana share ido da bayan hannu.

"Ni AS, shi AS," ta ce. "Duk gidanmu haka muke, har Elkana. Me za mu haifa?"

A gida, AS maganar aure ce. Ana tunawa da ita idan an kai kuɗin gaisuwa, a manta da ita bayan biki, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka ai ba ciwo ba ce. Dikko ma haka ya tashi da sani, sai da karatu ya nuna masa cewa mai AS, idan ya matsa wa jikinsa matuƙa ga zafi ga ƙishi, jininsa kan iya juya masa baya. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. Abin da ya dace shi ne ya zaunar da yaron ya gaya masa. To amma da wane baki? Ya dubi saurayi mai gemu ya tono masa jinin gidansu, ciwon da ya kai ƙanwarsa kushewa, maganar da ya tsinta a cikin hawayen yayarsa? Ga shi ya san tarihin. Bayan rasuwar Sharon uwar ta hana Elkana ko buga ƙwallo a layi, shi ya sa ya koyi takalmin taya a ɓoye, yana kama bayan bas daga PZ har Sabon Gari. Idan kana son ganin fushinsa, ka ce masa ya bi a hankali. Koci kuwa, wani ɗan Slovakiya mai tsoron takardun inshora fiye da mutuwa, da jin kalmar sikila zai nuna masa ƙofa. Sai Dikko ya zaɓi hanyar da ba sai ya buɗe baki ba, ya kira ta kara. Tsoro ne dai ya sha wanka ya sa turare.

Makonni suka shuɗe, 'yan wuta suka zama kamar an sa musu inji. Binciken ya yi kyau fiye da yadda ya zata, kuma duk kyan da ya ƙara, sai Elkana ya ƙara zama a baya. Sulaiman, wani ɗan Labanan da suke neman gurbi ɗaya, wanda a da Elkana kan wuce shi yana waiwaye, yanzu shi ke gaba. Dikko ya daina cin abinci tare da su bayan atisaye. Yakan ce yana da aiki.

Sai ga shi yau abin mamaki. A zagaye na farko Elkana ya riga Sulaiman taɓa katanga. A na biyu ma haka. Dikko ya duba agogo ya sake dubawa, wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, har ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ashe bai cuce shi ba. Ashe yaron zai shiga motar nan da ƙafarsa, kuma maganar faifai ta mutu ke nan ba wanda ya ji. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, ta yaya mai lallaɓa keke zai yi wannan gudun?

"Yalla, yalla," in ji Koci, ya sake busawa.

A zagayen da ya biyo baya Elkana ya fita daidai da kowa. Da ya kai tsakiyar fili sai ƙafafunsa suka fara buɗewa, sandar wasansa ta suɓuce, ya durƙusa a hankali kamar mai neman abin da ya yar, sannan ya kwanta a gefe ɗaya. Bai yi ihu ba, bai riƙe ƙafa ba. Sauran suka kewaye shi suka wuce.

"Jijiya ce ta ɗaure," Koci ya ce da Turancinsa mai nauyi. "Ku miƙar masa da ƙafar, ya tashi."

Dikko ya riga ya tsallake katanga. Da takalmin roba ya shiga, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa da rarrafe. Ya taɓa cinyar yaron ya ji ta laushi, ba tauri irin na ɗaurewar jijiya. Numfashinsa na fita da sauri da sauri.

"Yaya Dikko, ƙafafuna ba sa ji," Elkana ya ce. "Bari in ɗan huta, zan ƙarasa."

"Ba inda za ka ƙarasa. Kwanta."

Ya ɗaga kai ya ce a kira motar asibiti, a kawo tukunyar iska daga ɗakin agaji. Koci ya tsaya a kansu ya ce wace irin motar asibiti kuma a kan ciwon ƙafa. A nan ne maganar da Dikko ya yi wata da watanni yana haɗiyewa ta fito, a gaban kowa, da ƙarfi, har tana amsawa a rufin kanti: yaron yana ɗauke da jinin sikila. Koci ya tuɓe safar hannunsa a hankali.

"Ka sani?" ya tambaya.

"Na sani."

Elkana ya rufe ido. Ko don ciwo ne, ko don kada ya ga fuskokin abokansa, Dikko bai iya tantancewa ba.

A asibiti aka shige da shi, aka bar Dikko a kujerar jira da jakar kayan wasa a tsakanin ƙafafunsa, tana warin gumi da roba. Ya kira Dinatu. Tana aiki a wani shagon canjin kuɗi a Muraqqabat, kuma kafin azahar ta iso cikin rigar aiki, katin sunanta na lilo a wuya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna kusa da shi ta haɗa hannuwa tana motsa baki, shi kuma yana jan nasa salatin a zuci.

Likitar da ta fito 'yar Sudan ce, mai furfura a gaban goshi. Ta ce naman cinyoyinsa ya farfashe, dattin ya gangara ƙoda, fitsarinsa ya yi kalar shayi. Suna ta ɗura masa ruwa, kuma in sha Allahu ƙodar za ta tsira, don an kawo shi da wuri kuma an faɗa musu abin da za su nema. Sannan ta dubi Dikko.

"Kai ne mai horar da shi? Wannan ba aikin safiyar yau kaɗai ba ne. Jikin nan ya kwana biyu yana shan duka. Me kuke sa shi yi?"

"Keke kawai, a hankali," in ji Dikko. "Cikin sanyin na'ura."

"Bene ne," Dinatu ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. Suka juyo gare ta. "Matakalar gidan da yake haya a Abu Hail. Kullum da rana tsaka idan ya dawo daga makaranta, lokacin ba kowa, sai ya yi ta hawa a guje har sama, ya sauko, ya sake. Na je kai masa miya na tarar da shi zaune a matakala ya jiƙe sharkaf, wurin ko taga babu, kamar tanda. Ya ce min aikin gida ne ka ba shi." Ta dubi Dikko. "Ba kai ka ba shi ba?"

Dikko ya girgiza kai. Yana ganin abin a idonsa: yaron yana lallaɓa kekensa a kusurwa, yana satar kallon 'yan wuta, yana haddace yadda suke ƙonawa da yadda suke hutawa, sannan ya tafi ya yi nasa shi kaɗai a inda ba ruwa, ba iska, ba mai cewa ya isa.

Likitar ta yi tsaki irin na iyaye. Ta ce abin haushin shi ne masu irin jininsa da yawa suna wasa har su yi suna. Wannan atisayen ma zai iya yinsa, in dai an fara masa shwayya shwayya, wato sannu a hankali, an tsawaita masa hutu, ruwa na kusa, kuma akwai mai ido a kansa da zai tsayar da shi da zarar ƙafa ta yi nauyi. "Magana ce ta zama ɗaya," ta ce. "A gaya masa, a gaya wa kocinsa, khalas." Ta juya ta koma ciki.

Dikko ya tashi ya ce zai yi salla. A masallacin asibiti ya yi alwala ya tayar, amma bai san me ya karanta ba. Duk abin da likitar ta faɗa yana cikin littattafansa, a shafin da ke bin wanda ya tsorata shi. Ya karanta shi, ya ma ja masa layi. Sai dai wannan hanyar tana buƙatar ya zauna gaba da gaba da Elkana, shi kuwa abin da ya guda ke nan. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga hannu ya yi addu'a.

Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara. Koci ne. Ya tambayi jikin yaron, ya saurara, sannan ya ce Sulaiman ne zai tafi Al Ain. Elkana kuma ba zai sake taka ƙanƙara da rigar jami'a ba sai ofishin wasanni ya zauna a kansa, kuma a yadda ya san ofishin, kada a sa rai a bana. "Da ka zo min tun farko, da mun san yadda muka yi," ya ce. "Ni da kai kuma za mu yi magana ranar Lahadi." Dikko ya ce to.

Bayan la'asar aka bar su suka shiga. Elkana yana kwance, robar ruwa a kowane hannu, fuskarsa ta yi fayau. Dinatu ta gyara masa matashi ta fara faɗa a hankali, irin faɗan da ake yi wa wanda aka tsorata a kansa, tana cewa me za ta gaya wa Mama, so yake ya kashe tsohuwa? Ya bar ta ta gama. Sannan ya juyo da kai.

"Yaya Dikko, an fitar da sunaye?"

Dikko ya ja kujera ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannu a kan ƙafar yaron ta saman bargo. "An fitar. Sulaiman ne."

Elkana ya daɗe yana kallon silin. "Amma na riga shi sau biyu, ko? Ka gani a agogo."

"Na gani. Ka riga shi."

"To shi ke nan." Ya ja numfashi. "Ka yafe min, Yaya. Na ɓata maka aiki. An sa ni a lallaɓa na je ina wuta a ɓoye, yanzu duk lissafinka a kaina ƙarya ne. Na san shekara nawa ka yi kana wahalar karatun nan. Wallahi ba raini ba ne, gani na yi ana wuce ni ina zaune. Na so in roƙe ka ka mayar da ni wancan gidan, sai na ce kada in sa ka a tsaka mai wuya, tunda ƙuri'a ce, ba yin kowa ba."

"Ka ji shi," in ji Dinatu. "Kai ma ka gode wa Allah da ya sa Dikko a wurin. Likita ta ce da ba don ya san abin da zai faɗa ba, da yanzu wata maganar ake." Ta juyo. "Dikko, ban san da bakin da zan gode maka ba. Mama ma za ta kira ka."

Ga ƙofa a buɗe, kuma su biyun ne suka buɗe masa ita da hannunsu. Ba abin da ake nema a wurinsa sai ya ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Koci bai san maganar faifai ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Zai fita daga ɗakin nan a matsayin wanda ya ceci ɗan mutane, har da kiran godiya daga Wusasa. Elkana kuma zai ci gaba da ɗaukar kansa marar sa'a wanda ya cuci yayansa. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa Dikko a wuya.

Dinatu ta ɗauki jakarta ta ce bari ta sauka ta samo musu shayi.

"Zauna, Dinatu," ya ce. "Ke ma ki ji."

Ta zauna a gefen gado tana dubansa.

"Ba ƙuri'a ba ce, Elkana. Ni na ajiye maka faifan nan a aljihuna, na aike ka ɗebo ruwa don ka zo a ƙarshe. Na san kai AS ne tun bara. Na ji tsoro, kuma na kasa gaya maka, sai na zaɓa maka ba tare da ka sani ba. Da na yi magana, da ka yi wutar nan a gabana, da ruwa a hannunka, kuma da yanzu sunanka na cikin masu tafiya. Ba kai za ka nemi yafiya ba."

Dinatu ta sa hannu ta rufe baki, don ta gane daga inda maganar ta fito. Ta fara cewa ai don alheri ya yi, ai ko ita ce haka za ta yi, amma muryarta ta mutu a hanya da ta ga fuskar ƙaninta.

Elkana bai ɗaga murya ba. Ya dubi Dikko kamar yau ya fara ganinsa.

"Har dariya ka taya ni ranar," ya ce.

"Na taya ka."

Yaron ya mayar da idonsa silin. Dikko ya jira zagi, ya jira tambaya, ya ma fi son a zage shi. Can Elkana ya ɗan motsa a ƙarƙashin bargo.

"Ɗauke hannunka," ya ce. "Wurin yana min ciwo."

Dikko ya ɗauke.